Minti Goma Sha Biyar Na Ranar Alhamis

'Yan uwana masu karatu, na san a cikinku akwai waɗanda za su gama karanta wannan su ce ni na jawo wa kaina. Ban hana ku ba. Amma ku bari in fara gaya muku irin aikin da nake yi, don idan ba ku san shi ba, zagin naku ma ba zai sauka inda ya kamata ba.

Ni ce sakatariyar ofishin shugaban kamfaninmu. Kamfanin fasaha ne, babba, irin wanda manhajarsa take cikin wayar kusan kowa, har da ta Ummata, duk da har yau ba ta yarda mu muka yi ta ba. Ma'aikatanmu sun haura dubu huɗu. Teburina yana hawa na goma sha biyu, daidai bakin ƙofar gilashin shugaba, kuma idan aka tace aikina guda ɗaya ne: ni ke riƙe da kalandar shugaba. Wanda zai shiga, yaushe, a wane ɗaki, na minti nawa, duk ta hannuna yake bi. Mutane suna raina aikin. Su je su tambayi daraktocin da suke ajiye min cakulan a tebur.

A shekara biyar na yi shugabanni huɗu. Na farko shi ne Tsoho, wanda ya kafa kamfanin, mutumin da yake zuwa ofis da silifas yana tsayawa hira da masu shara. Masu hannun jari suka ce zamani ya wuce shi, aka yi masa liyafa aka ba shi agogo. Sai aka kawo Mai Gudu, wanda ya sa aka shigo masa da injin gudu na motsa jiki har cikin ofis, yana haki yana ba da umarni. Wata goma sha huɗu ya yi. Bayansa Baƙo, wanda har ya tafi bai gane inda ɗakin cin abinci yake ba. Yanzu kuma Madam, wata uku ke nan da zuwanta. Kowa ya zo sai ya canja kujera, ya canja fentin bango, ya canja taken kamfani, sannan ya juyo kan manyan da ya tarar. Ni kaɗai ake bari, ni da shukar da ke gefen taga, ita ma don ta roba ce.

A wurinmu ba a korar babba da takarda. Akwai yadda ake yi. Ranar Alhamis, ƙarfe tara saura kwata, sai saƙon gayyata ya faɗo wayarka: ganawa da shugaba, ƙarfe tara, minti goma sha biyar, ƙaramin ɗaki na ƙarshen baranda. Babu take, babu bayani. Idan ka shiga za ka tarar da shugaba tare da shugabar sashen ma'aikata, wadda muke kira Anti Tishu saboda kwalin tishun da take shiga da shi a hammata. Kafin ka fito an kashe katin shigarka da imel ɗinka. Ƙarfe goma sanarwa za ta fita cewa ka yanke shawarar neman wani sabon fage, kamfani yana yi maka fatan alheri. Ana zaɓar Alhamis ne don mutane su yi gulmarsu ranar Juma'a, su huce a ƙarshen mako, Litinin kowa ya dawo bakin aikinsa.

Ni nake kama ɗakin. Tun Litinin ake ba ni suna, in ɓoye shi a kalanda yadda babu mai gani sai mu uku, ni da shugaba da Anti Tishu, in saita saƙon ya tashi da kansa ranar Alhamis. Mutum goma sha tara na yi wa haka. Kwana uku nake gaisawa da su a lif, ina tambayar su lafiyar yara, alhali na san abin da ba su sani ba. Na sa hannu a takardar riƙe sirri mai shafi shida, kuma ko gira ban taɓa ɗaga wa wani ba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye muku ba.

To, sai ga Injiniya.

Shi ne daraktan sashen ƙera manhajoji, mutum ɗari uku a ƙarƙashinsa. Dogo ne, mai gilashi, kullum cikin farar riga mai dogon hannu da yake naɗewa zuwa gwiwar hannu, kamar yanzu zai shiga gyaran mota. Shekara tara ya yi a kamfanin, ya ga tafiyar shugabanni uku yana nan daram. Da farko zuwa yake yi neman minti biyar wurin shugaba, sai na lura minti biyar ɗin a bakin teburina suke ƙarewa. Mai Kalanda yake ce min. Shekara ɗaya da rabi muna tare, kuma a ofis babu wanda ya sani, don mun yi shawara sai magana ta je gaban manya sannan mu buɗe baki. Ranar Asabar ɗin makon nan su kawunsa za su zo wurin Abba.

A gida kuwa kowa ya sani, har maƙwabta, godiya ga Umma. Shekarata ashirin da tara, ni ce auta, kuma tun ina ashirin da huɗu Umma take kallona kamar madarar da ranarta ta kusa ƙarewa. Da Injiniya ya fito sai ta samu lafiya. Darakta take kiran sa a gabansa, a waya da ƙawayenta kuma ta riga ta ƙara masa girma zuwa mataimakin shugaba. Saboda zuwan Asabar ta sa an sake yadin kujerun falo, ta sauke labulayen da muka taso muka gani ta ɗinko sababbi ruwan zuma, ta hana kowa taka kafet da takalmi, har Abba.

Abu ɗaya ne ya taɓa shiga tsakaninsu. Wani kamfani, bai kai namu ba, a wani gari mai nisan tafiyar wuni guda, ya yi wa Injiniya tayin zama shugaban fasaharsu gaba ɗaya. Suka ba shi zuwa Laraba ƙarfe biyar na yamma ya ba da amsa. Umma ta ce ba a haifi wanda zai kai mata auta inda sai ta hau jirgi za ta gan ta ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, sati biyu na yi ina shan ƙamshi a kan maganar. Shi kuwa dama ransa ba ya can. Kujerar mataimakin shugaba a kamfaninmu babu kowa a kai, ga Madam ta yabe shi a gaban dukkan daraktoci, ta ce shi ne ginshiƙin gidan. Ya riga ya gama shawara zai ba wancan kamfanin haƙuri.

Ranar Litinin ƙarfe goma Madam ta danna min ƙararrawa.

Madam gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, ba ta sa takalmi mai tsini, ruwan zafi da lemon tsami take sha tun safe har yamma. Ba ta kallon mutum idan tana magana, allon kwamfuta take kallo. Na shiga da littafina na tsaya. Ta jawo 'yar takardar nan rawaya mai manne, ta yi rubutu, ta turo min ita da yatsa ɗaya. Haka ake yi, ba a furta sunan da baki.

Na duba. Sunan Injiniya ne, da cikakken muƙaminsa.

"Alhamis," in ji ta.

"To, Madam."

Ta karɓe takardar ta zura a injin yayyaga takardu. Sai ta ƙara, abin da ba ta saba ba:

"Ba laifinsa ba ne. Ya iya aiki. Ina da nawa mutumin da zan kawo, kuma ba za su zauna ɗaki ɗaya ba."

"To, Madam."

Na fito na zauna. Kada ku zaci na faɗi ko na fashe da kuka. Hannuna ya san aikinsa: na kama ɗakin, na ɓoye ganawar, na saita saƙon ya tashi tara saura kwata. Da na gama na jawo wasiƙun ranar na ci gaba da aiki.

Wajen azahar saƙon Injiniya ya shigo.

"Mai Kalanda, yanzu Madam ta yi min murmushi a lif. Ki fara koyon yadda ake gaida mataimakin shugaba."

Na daɗe ina kallon wayar. Na tura masa fuskar dariya guda biyu.

Ga lissafin da na wuni ina yi a kaina. Idan na yi shiru, Laraba zai mayar da wancan tayin, Alhamis a sallame shi, Asabar ya zo gidanmu ba shi da nan ba shi da can. Daraktan da aka kora kuwa ba a rububinsa kamar wanda yake kan kujera, na ga yadda goma sha taran nan suka ƙare, wasu shekara guda suna yawo da jakar kwamfuta daga wannan ofis zuwa wancan. Idan kuma na faɗa, na karya abin da na sa wa hannu, kuma teburin nan shi ne kaɗai abin da na gina da kaina a duniya.

Talata na dawo gida da wuri na tarar da Yaya, babbar yayata, ta zo taya Umma goge kofunan gilashi. Ma'aikaciyar jinya ce, bakinta ba ya da birki. Na ja ta kicin.

"Yaya, idan kika ga sakamakon gwajin wani naki kafin likita ya gaya masa, kuma ba mai daɗi ba ne, kina faɗa masa?"

"Ba na faɗa. Aikina zan ajiye a kan wa?"

"Ko da yana shirin yin abin da zai cuce shi?"

"Sai in ce masa kada ya yi, ban ba shi dalili ba. Mai hankali zai gane." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ke, wa ya yi gwaji? Auta, kar ki sa hawan jinina ya tashi ana saura kwana huɗu."

"Ba abin da kike tunani ba ne."

"Allah ya sa. Miƙo min tawul ɗin can."

Na ɗauki shawarar Yaya. Na ce zan tura shi hanya ba tare da na buɗe baki ba.

Da la'asar sakaliya Injiniya ya iso, kai tsaye daga ofis, katin shiga yana rataye a wuyansa. Na sa doguwar riga ruwan toka da ƙaramin mayafi baƙi, ko hoda ban shafa ba. Umma ta harare ni a kan haka, ta shigo falo da kanta ɗauke da tiren shayi da biskit, ta zauna a bakin kujera.

"Darakta, ya aiki? Ya Madam ɗinku?"

"Lafiya lau, Umma. Tana ta yaba mana."

"Ai dole. Maganar wancan garin dai ta mutu ko?"

"Gobe zan rubuta musu in ba su haƙuri, Umma. Ina zan kai miki ita?"

"Allah ya yi maka albarka. Ka ji ɗan halak." Ta juyo kaina. "Ke kuma ki saki fuska, kin zauna kamar an aiko ki karɓar gaisuwa."

Tana fita na matso.

"Injiniya, ka karɓi aikin can."

Ya tsaya da biskit a hannu. "Ke? Ke da kika yi sati biyu kina amsa min saƙo da 'to'?"

"Na sake tunani."

"A kwana nawa?"

"Ka karɓa kawai. Muƙamin ya fi, kai ne gaba ɗaya, babu mai taka ka."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta wanda ya san amsar jarrabawa. Ya jawo kofuna uku ya jera a kan tire. Wannan Madam, wannan masu hannun jari, wannan shi. Ya shiga yi min bayanin yadda Madam ba ta san kan manhajojinmu ba, yadda duk sabon shugaba yake buƙatar tsohon hannu guda ɗaya da zai jingina da shi, yadda ya tsallake Tsoho da Mai Gudu da Baƙo da dabara ɗaya.

"Ki zama wadda ba a iya yi sai da ke. Shi ke nan sirrin. Nan da wata uku kujerar nan tawa ce, ki rubuta ki ajiye."

"Idan kuma ba haka ba fa?"

"Mai Kalanda, ke kalanda kika sani. Siyasar sama ki bar mana."

Ranku ya daɗe, wannan maganar ta ɓata min rai, amma ba ita ta sa na faɗa ba. Abin da ya sa na faɗa shi ne na ga babu wata hanya. Mutumin nan ba zai gane da ishara ba ko za a kwana ana yi masa, kuma ina son sa. Na kalli ƙofa, na ji Umma da Yaya suna musu a kicin a kan cokula, na rage murya.

"Na kama ƙaramin ɗaki ranar Alhamis, ƙarfe tara."

"Wa kuma za a..."

Bai ƙarasa ba. Na zuba masa ido. Shi kansa ya sha zama a ɗakin nan ta ɗaya gefen teburin, yana sallamar manajojinsa, don haka ba ya buƙatar fassara. Ya ajiye biskit ɗin. Ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu, na ga idanunsa ƙanana ba tare da shi ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Jiya da safe."

"Jiya? Kika turo min fuskar dariya?"

"Me kake so in turo maka?"

Jijiyar gefen kansa tana motsi.

"Shekara tara," ya ce. "Ginshiƙin gida."

"Ka saurare ni da kyau, don wannan shi ne mai muhimmanci. Gobe ka sa hannu a aikin can, kada ka gaya wa kowa. Alhamis idan saƙo ya shigo, ka tashi ka je. Ka shiga kamar ba ka san komai ba. Ka yi mamaki, ka ɓata rai, idan Anti ta miƙo maka tishu ka karɓa. Minti goma sha biyar ne kawai. Mu uku muka san maganar nan a duk ginin. Madam ba za ta zargi kanta ba, ba za ta zargi Anti ba. Idan ka nuna ka sani, ni ce."

"Haba. Ni zan jefa ki a rami?"

"Ka yi min alkawari."

"Na yi. Wallahi kin yi min abin da ba zan manta ba."

Ya mayar da gilashinsa. Da Umma ta leƙo yin sallama har ya iya yi mata wasa a kan labulen, ya ce sun fi na ofishin Madam tsada. Na raka shi bakin mota ina jin kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na karya amana, na sani, amma na ce a raina aƙalla na karya ta a kan wanda ya cancanta.

Laraba ƙarfe goma sha ɗaya ya turo: "Na sa hannu. Sun yi murna." Na ce alhamdulillahi a fili, har mai kawo wasiƙu ya juyo. Na ci abincin rana a karon farko tun Litinin.

Biyar saura minti ashirin imel ya shigo akwatin Madam. Ni nake fara ganin saƙonninta kafin ita, ni nake tace su. Daga Injiniya ne, kuma ya haɗa da dukkan daraktoci goma sha ɗaya. Ya gode wa kamfani, ya gode wa sashensa, ya ce ya ajiye aiki daga yau don ya karɓi jagorancin fasaha a wani wuri. Har nan da sauƙi, ana iya cewa sa'a ce ta haɗa. Sai layin ƙarshe:

"Na ga ya fi dacewa in hutar da ku wahalar gobe da safe. Ƙaramin ɗakin zai yi wa wani amfani."

Na karanta sau uku. Ko na goge daga akwatin Madam, mutum goma sha ɗaya sun riga sun gani. Na ɗauki wayata na fita matattakalar bene, inda babu mai bi sai idan lif ya lalace, na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa wasai, ina jin ƙarar titi a bayansa.

"Kin gani?"

"Me ka yi?"

"Na fita da ƙafata, Mai Kalanda. Da kin ga fuskar mutanena. Har tafi suka yi min a baranda."

"Me muka yi da kai jiya?"

"Na yi tunani ne. Shekara tara, sannan in zauna wata ta miƙo min tishu, a raka ni ƙofa da kwali a hannu? A wannan harkar yadda ka fita shi ake tunawa. Can ɗin ma idan suka ji korata aka yi, da wane ido za su kalle ni?"

"To ka ajiye aikin mana! Layin ƙarshen na mene ne?"

"Dole ta san ba yaro ta samu ba."

"Ni fa?"

"Ban ambaci sunanki ba."

"Mu uku ne, Injiniya. Mu uku!"

"Ba su da hujja. Ki kwantar da hankalinki." Sannan ya ce, da murya mai taushi, irin ta lallashi: "Kuma ko ma me ya faru, ai dama barin aikin za ki yi. Ba tare za mu tafi ba? Kalanda ce fa, ba wani abu ba."

Na zauna a kan matakala. Ban yi masa ihu ba, ban zage shi ba. Abin da na ji ba fushi ba ne tukuna, kunya ce. Na ɗauki shekara biyar na riƙon amana na miƙa wa mutum, na roƙe shi minti goma sha biyar, ya duba ya ga sun yi masa tsada. Kuma bai ma san ya yi wani abu ba, wannan ya fi komai ciwo.

"Kina ji na?"

"Ina da aiki," na ce, na kashe.

Madam ba ta ce min komai ba ranar. Ƙarfe shida ta fito da jakarta, ta ce sai da safe kamar kullum. A gida na tarar Umma ta baza kayan da za ta sa ranar Asabar a kan gado, kala uku, tana so in zaɓa mata. Na nuna na tsakiya. Ta ce dama ta san ba ni da ido, ta ɗauki na farko.

Yau Alhamis na sa rigata mafi kyau, shuɗiya mai duhu, na goge mayafina da kaina. Takwas da minti ashirin ƙararrawa ta yi ƙara. Na shiga da littafina.

"Madam, in soke ganawar ƙarfe tara?"

"A'a. Bar ɗakin."

Ta kurɓi ruwan zafinta. Ta jawo takarda rawaya ta ajiye a gabanta, ba ta rubuta komai ba tukuna.

"Shekara nawa kika yi a teburin nan?"

"Biyar, Madam."

"Mutum nawa kika kama wa ɗakin can?"

"Goma sha tara. Ashirin da shi."

"Na bincika jiya. A goma sha taran nan babu wanda ya taɓa jin ko ƙishin-ƙishin. Shugabanni uku sun bar min takarda a kanki, duk abu ɗaya suka rubuta." Ta juya biro a hannunta. "Mene ne shi a wurinki?"

Na yi niyyar in ce ban gane ba. Sai na ga ƙarya ba za ta ƙara min komai ba sai ƙasƙanci.

"Jibi iyayensa za su zo gidanmu, Madam."

A karon farko tun zuwanta ta ɗauke ido daga allon ta kalle ni sosai. Ba fushi a fuskarta.

"Kin ce masa ya yi shiru?"

"Na ce."

"Ya yi miki alkawari?"

"Ya yi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta yi rubutu, ta turo min takardar da yatsa ɗaya.

"Da ya shigo ya zauna, da ban taɓa sani ba," in ji ta. "Ba zan iya barin ki a bakin ƙofata ba, kin fi kowa sanin haka. Kuma ki yi haƙuri, ba ni da wanda ya iya tura saƙon nan sai ke."

"To, Madam."

Na koma teburina. Na buɗe ganawar, na goge sunansa harafi bayan harafi, na rubuta nawa. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na tattara lambobin sirri na ɗakunan taro a takarda guda don wadda za ta gaje ni, na rubuta mata cewa Madam ba ta son a haɗa mata ganawa biyu babu hutu a tsakani. Na cire cajata daga bango na naɗe.

Tara saura kwata wayata ta yi ƙara. Gayyata, daga ofishin shugaba, babu take, babu bayani. Ban gama kallonta ba wani saƙon ya shigo a kanta.

"Mai Kalanda, barka da safiya. Fara zan sa jibi ko shuɗiya? Su Kawu sun ce ƙarfe huɗu za su iso."

Na yi tunanin Umma, da yadda zan tsaya a gabanta in haɗa mata labari biyu a rana ɗaya. Na fi tsoron wannan a kan ɗakin da ke jirana. Duk da haka na ɗauki wayar. Na rubuta masa:

"Ka ce wa su Kawu su dakata."

Na tura. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ya fara kira. Na kife wayar a kan tebur tana ta ruri, na gyara mayafina, na miƙe na nufi ƙarshen baranda. Ƙarfe tara daidai na ƙwanƙwasa ƙofar.